Madubin da Ke Tura Sharri Gidan Maƙwabci

Ranar jeren ƙanwata, madubi ne ya tsayar da aiki kusan awa guda. Kafinta ya riga ya haɗa gado, ya jingina madubin kwalliya a bangon da ke fuskantarsa, domin nan ne kaɗai wurin da ya rage a ɗakin. Sai wata ƙawar amarya, yarinya mai hankali wadda ta gama jami'a, ta ce sam ba za a bar shi nan ba. Ta ciro waya ta nuna mana bidiyon wata Baturiya tana bayani cewa madubin da ke kallon gadon ma'aurata yana hana barci, yana kuma gayyato mutum na uku cikin aure. Ba sai an fassara wa matan da ke ɗakin ba, kowa ta gane kishiya ake nufi. Ta ce ilimin Sinawa ne, sunansa feng shui. Gwaggonmu, wadda ba ta taɓa jin kalmar ba, ta ce, "Ai mu ma tun muna yara ake hana mu duba madubi da dare. Ku ɗauke shi, 'yan nan." Aka ɗauke shi aka kai bayan ƙofa, lungun da babu haske, inda amarya sai ta kunna fitilar waya kafin ta ga fuskarta.

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar ba mugunta ta yi ba, alheri take nufi da ƙawarta. Amma na ga yadda bidiyo na minti ɗaya ya dasa tsoro a ɗakin amarya tun ba ta kwana a ciki ba, kuma na san ba ita kaɗai ba ce. Irin waɗannan bidiyoyi sun cika TikTok da YouTube: kada madubi ya kalli ƙofar shigowa don arziki zai juya ya fita, a rufe murfin masai don kada kuɗi su bi ruwa, a ajiye kwaɗon tagulla mai ƙafa uku a kusurwar falo. Ra'ayina a kai shi ne, a cikin feng shui akwai tsohon sani na gaske game da iska da rana da ruwa, wanda ya cancanci girmamawa. Amma abin da ake tallata mana da sunan "magani", wato madubi da kwaɗo da tsabar kuɗi a jan zare, kasuwar tsoro ce, kuma madubin ya fi sauran muni saboda tarbiyyar da yake koyarwa.

Sunan kansa kalmomi biyu ne na Sinanci: feng, iska, da shui, ruwa. Ana danganta asalin sunan da wani malami mai suna Guo Pu, wanda ya rayu daga shekarar 276 zuwa 324, da wani rubutu a kan binne mamata. A ciki aka ce wani ƙarfi da suke kira chi yana watsewa idan ya hau iska, yana kuma tsayawa idan ya haɗu da ruwa. Saboda haka aikin masani shi ne ya nemo wurin da iska ba ta kwashe shi, ruwa kuma yana tsare shi. Da farko ma maganar makabarta ta fi yawa, domin sun yi imani cewa kabarin kaka idan ya zauna a wuri mai kyau, jikoki za su ga alheri. Daga nan abin ya shafi gidajen masu rai, da garuruwa, da fadar sarki.

Idan mutum ya ajiye maganar chi gefe ya dubi abin da suka gina a zahiri, sai ya ga hikima. A arewacin Sin, iskar sanyi mai tsanani daga arewa take kaɗowa, ta Mongoliya da Saibiriya, rana kuma ta kudu take bi a lokacin sanyi. Don haka ƙa'idar ta ce gida ya ba wa arewa baya, ya fuskanci kudu, dutse a bayansa, ruwa a gabansa. Fadar sarakunan Sin da ke Beijing, wadda aka gina tsakanin 1406 da 1420 zamanin sarki Yongle, haka aka tsara ta: tana kallon kudu, an ratsa rafi ta gabanta, a bayanta kuma akwai tudun Jingshan wanda mutane ne suka tara shi da ƙasar da aka haƙo daga ganuwar ruwa. A ƙauyukan kudancin Sin da Hong Kong kuwa, akwai kurmi a bayan gari da aka hana sara saboda feng shui. Kurmin nan yana tare zaizayar ƙasa daga kan tudu, yana karya ƙarfin guguwa, yana ba da inuwa. Yau masana tsirrai suna zuwa irin wannan kurmi, kamar na ƙauyen Lai Chi Wo, domin a nan ne tsofaffin itatuwan yankin suka tsira. Ko allurar maganaɗisu mai nuna kudu da arewa, a hannun masu duba wurin gini ta daɗe kafin matuƙan jirgin ruwa su ɗauke ta. Wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya yi bayaninta a rubuce a 1088, kuma har yau masu sana'ar suna yawo da faifan da suke kira luopan, allura a tsakiya, da'irori na rubutu kewaye da ita.

Wannan ɓangaren ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Maginanmu na da sun san hadari daga gabas yake tasowa, sun san bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, sun san inda za su sa indararo don kada ya ci gindin katanga. Sun san kaurin bangon tubali shi ke riƙe sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu. Akwai ma kamanni mai ban mamaki. A tsoffin gidajen Beijing masu tsakar gida, da ka shiga ƙofa sai ka ci karo da ɗan bango ya tare ka, dole ka karkata. Su suna cewa miyagun iskokai a miƙe suke tafiya, ba sa iya kwana. Mu kuma zaurenmu, ƙofar shiga daban, ƙofar wucewa ciki daban, ba sa kallon juna, kuma dalilinmu a fili yake: kada mai wucewa ya hango matan gida. Bayani ya bambanta, amma amfanin ɗaya ne, sirri da tare ƙura da iska. Duk wanda ya yi wa wannan ilimi dariya, kakanninsa ya yi wa.

Matsalar tana farawa ne daga inda aka ce: to, gidanka ya riga ya ginu ba daidai ba, ba za ka iya juya shi ba, amma ga abin da za ka saya ka rataya.

Mafi shahara a cikin kayan ratayawar shi ne madubin bagua. Katako ne mai kusurwa takwas, yawanci ja ko rawaya, da zane-zanen layuka uku-uku a kowane gefe, madubi ɗan ƙarami a tsakiya. A waje ake rataya shi, saman ƙofa ko taga, kuma masu sana'ar suna gargaɗin kada a sa shi cikin ɗaki. Iri uku ne. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai mai tudu kamar bayan cokali wanda aka ce yana mayar da sharri ya watsa shi, akwai mai kwarmi kamar cikin cokali wanda aka ce yana haɗiye shi. Sharrin da ake nufi suna kiransa sha chi, wasu kuma su ce "kibiyar guba". Tana iya fitowa daga kusurwar ginin da ke kallonka, ko turken wutar lantarki a gaban ƙofarka, ko titin da ya miƙo kai tsaye ya ƙare a bakin gidanka.

Mu ɗauki na titin. Gidan da hanya ta miƙo ta tsaya a ƙofarsa yana da matsala ta gaske: fitilun motoci suna haska ɗaki duk dare, ƙura da hayaniya suna shigowa, ranar da birki ya tsinke wa wata mota kuwa, a falonka za ta tsaya. Tsoffin Sinawa da suka ce a guji irin wannan wuri sun yi gaskiya. Maganinsa kuma sananne ne: katanga mai ƙarfi, itatuwa, labule mai kauri, ko a sauya wa ƙofa wuri. Madubi mai faɗin tafin hannu ba zai tare mota ba. Wanda ya rataya shi ya koma ya kwanta da kwanciyar hankali ya bar jaki yana dukan taiki, kuma kwanciyar hankalin nan ita ce haɗarin, domin ta sa ya fasa gina katangar.

Amma abin da ya fi damuna ba rashin aikin madubin ba ne. A ɗauka ma yana aiki kamar yadda suka ce. Ina sharrin yake zuwa idan ka mayar da shi? Gidan da ke fuskantarka. Wato tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa ni in tsira, abin ya faɗa kan wanda ke tsallaken titi. Su kansu Sinawa sun san haka, shi ya sa rataya madubin bagua ya kalli ƙofar wani ake ɗaukarsa tsokana. Maƙwabcin da ya tashi da safe ya ga madubi yana kallon ƙofarsa, yakan je ya sayo nasa, wanda ya fi girma, ya rataya. Mutane biyu da jiya suke gaisawa, yau kowa yana ganin ɗayan ne sanadin ciwon ɗansa ko faɗuwar kasuwarsa.

A Hong Kong wannan tunani ya hau har kan manyan gine-gine. Ginin hedkwatar bankin HSBC, wanda Norman Foster ya zana aka gama a 1985, an nemi shawarar masu feng shui a kansa. Sai ga ginin Bankin Sin a kusa da shi, wanda I. M. Pei ya zana aka buɗe a 1990, dogo mai kaifafan kusurwoyi kamar wuƙa. Mutanen birnin suka ce yana yanka arzikin maƙwabtansa. A saman ginin HSBC akwai na'urori biyu na aikin gyara da goge gilashi, masu siffar igwa, suna kallon ginin Bankin Sin, kuma abin da mutanen garin ke faɗa shi ne martani ne. Masu yawon buɗe ido suna jin daɗin labarin. Ni abin da nake gani a ciki shi ne birni mai tarin masana lissafi da injiniyoyi ya yarda cewa hanyar zaman lafiya da maƙwabci ita ce ka auna shi da bindiga.

Mu da aka koya mana cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba ba zai shiga Aljanna ba, kamar yadda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito, ta yaya za mu rataya abin da niyyarsa ita ce tura cuta gidan wani? Kirista ma an umarce shi ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa. Ko da madubin bai yi komai ba, niyyar ta riga ta zauna a zuciya, kuma ita ce ke lalata unguwa.

Sai kuma a tambaya, wannan feng shui na cikin waya, na waye? Bayan kafa mulkin gurguzu a 1949 gwamnatin Sin ta ɗauki sana'ar a matsayin camfi, a lokacin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 kuma aka tsananta wa masu yin ta. A Hong Kong da Taiwan da Singafo ta ci gaba da rayuwa. A shekarun 1980 wani malami mai suna Lin Yun ya yaɗa wani sabon salo a Kalifoniya ta Amurka, salon da ya ajiye allurar gano alƙibla gefe. A wannan salo, daga ƙofar shigowa ake auna komai: kusurwar can ciki ta hagu ita ce ta dukiya, ta dama ita ce ta aure da soyayya, ko da ina gidan ya fuskanta. Wannan ne ya shiga littattafan adon gida na Turawa, kuma a cikinsu ne madubi ya zama maganin kowace cuta, har ana yi masa laƙabi da asfirin ɗin feng shui. Yawancin abin da ke iso mana ta waya daga nan ya fito. An cire dutse da rafi da iskar arewa, wato ainihin abin da ke da ma'ana, an bar abin da za a iya sa wa farashi a aika ta jirgi.

Ka dubi kayan da kansu. Kyanwar nan mai ɗaga hannu da ake gani a kan kantar gidajen abincin Sinawa, asalinta daga Japan ne. Tsiron da ake sayarwa a kwalbar ruwa da sunan "gorar sa'a" ba gora ba ce ma, kuma asalinta daga dazukan tsakiyar Afirka ne, wajen Kamaru. Wato tsiron nahiyarmu ne aka ɗaura masa jan zare aka dawo mana da shi a matsayin sirrin arzikin Asiya. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou da Yiwu sun san yadda ake sayar da irin waɗannan kaya: katan-katan, a kan sari, kusa da makullai da kofuna. Leburan da ya zuba kwaɗon a injin, dubbai suke wucewa ta hannunsa a rana, kuma ba a ga ya daina zama lebura ba.

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai kai na katin waya ba, me zai cutar? Ina ganin ya kamata mai wannan magana ya san labarin Nina Wang. Ita ce shugabar kamfanin gine-gine na Chinachem a Hong Kong, kuma a lokacinta ana lissafa ta a matsayin macen da ta fi kowace mace kuɗi a Asiya. An sace mijinta, Teddy Wang, a 1990, ba a sake ganinsa ba. A cikin wannan baƙin ciki ne wani mai feng shui, Tony Chan, ya shiga rayuwarta. A gaban kotu an ji yadda aka riƙa haƙa ramuka a filayen kamfaninta don gyaran sa'a, an kuma ji cewa ta ba shi kuɗin da suka haura dalar Hong Kong biliyan 2. Da ta rasu a 2007 sai ya fito da wasiyya wai ta bar masa dukiyarta duka. Kotu ta yanke a 2010 cewa wasiyyar jabu ce, a 2013 kuma aka ɗaure shi shekara 12. Matar nan ba jahila ba ce, ta tafiyar da kamfani mai ɗaruruwan gine-gine. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sana'ar ba ta neman marasa ilimi, masu rauni take nema: wadda ba ta haihu ba, wanda kasuwa ta juya wa baya, amaryar da ke tsoron kishiya. Kuma ba ta da ƙarshe, domin idan maganin bai ci ba, ba a taɓa cewa maganin ne banza. Sai a ce ba ka sa shi a kusurwar da ta dace ba, ko taurarin bana sun sauya, sai ka sayi na shekarar nan.

Na san akwai waɗanda za su rantse cewa sun gwada sun ga canji, kuma ban ƙaryata su ba. Wanda aka ce masa ya kwashe tarkace daga bakin ƙofa, ya gyara famfon da ke zuba, ya buɗe taga, ya matsar da gado daga inda ƙofa ke bugunsa, ya yar da fasasshen madubi, dole ya ji daɗin gidansa fiye da da. Barci zai gyaru, faɗa da iyali zai ragu, kai zai sake. Ko maganar madubi a gaban gado tana da ɗan ƙamshin gaskiya: mutum ya farka cikin dare ya ga motsi a duhu, gabansa zai faɗi, hasken fitilar waje ma yana iya dawowa idonsa. Idan haka na damun ka, ka matsar da shi ko ka yafa masa zane. Wannan gyaran ɗaki ne, kakarka ma ta san shi. Amma daga "yana firgita ni da dare" zuwa "zai kawo mini kishiya" akwai tafiya mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ake cin kuɗin mutane. Sauran kuma halin ɗan Adam ne: idan alheri ya zo bayan an rataya abu sai a tuna, idan bai zo ba sai a manta.

Madubi yana da aikin da yake yi na gaske, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Haske yake mayarwa. A garin Rjukan na ƙasar Norway, wanda duwatsu ke tare masa rana kusan rabin shekara, an kafa manyan madubai uku a kan dutse a 2013, suna juyo hasken rana zuwa dandalin garin. A Landan kuma, a shekarar dai, wani dogon gini mai bangon gilashi mai kwarmi ya tattara hasken rana a kan titi har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye. Wannan shi ne ikon madubi, ana iya auna shi da ma'aunin zafi. A ɗakin haya mai taga ɗaya, madubin da aka sa a bangon da ke kusa da tagar yana ƙara haske, ya sa ɗaki ya yi kamar ya fi faɗi. A shago, madubi a kusurwa yana nuna wa mai kanti abin da ke faruwa a bayan kanta. Babu abin da ya kai wannan amfani, kuma shi ne aka hana ƙanwata da aka tura madubinta bayan ƙofa.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwon Sinawa ne. Laifi tudu ne. Su suna tsallake hawa na 4 a wasu benaye don lambar tana kama da kalmar mutuwa a bakinsu, suna son 8 har aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Mu kuma muna da layar da ake saƙalawa a saman ƙofar shago, da ƙahon da ake binnewa a harsashin gini, da hana shara da dare, da hana zama a dokin ƙofa. Shi ya sa gwaggona ta karɓi maganar nan take ba tare da ta san ina Sin take ba: ƙasar a jiƙe take, iri kawai aka jefa. Bambancin shi ne, yarinyar da za ta ji kunyar a gan ta da laya ba ta jin kunyar feng shui, domin ya zo da Turanci, da hotunan falo masu kyau, da sunan adon gida. Camfin da muka kora ta zaure ya dawo ta waya.

Ga Musulmi kuwa hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi, kuma akwai hadisi mai tsanani a kan rataya abu da nufin ya kare mutum. Malamai sun yi saɓani a kan abin da aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani, amma ban san malamin da ya halatta dogaro da kwaɗon tagulla ko zanen bagua don jawo arziki ba. Wani zai kawo hadisin da ya ambaci shu'umci a cikin gida da mace da doki. Malamai da yawa sun fassara shu'umcin gida da ƙuncinsa da munin maƙwabtansa, wato abin da ido ke gani, jiki ke ji. Akwai kuma hadisin da ya lissafa gida mai yalwa da maƙwabci nagari cikin abubuwan jin daɗin duniya. Addinin bai ce tsarin gida ba shi da muhimmanci ba, har alƙiblar da ba a fuskanta wajen biyan buƙata an koya mana. Abin da ya hana shi ne a ba wa abin da aka ƙera da hannu ikon da ba nasa ba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi ba ni tausayi. Kusan duk waɗannan bidiyoyi mata ake yi wa. Ita ce mai jera ɗaki, don haka idan arzikin maigida ya tsaya, ko ya fara neman aure, an ba ta sabon dalilin zargin kanta: ni ce ban sa madubin daidai ba, ni ce na bar murfin masai a buɗe. Mace a ƙasar Hausa ta riga ta sha kalmar "farar ƙafa" idan abin miji ya lalace bayan aure. Ba ta buƙatar wani ilimin daga ƙetare da zai ƙara ɗora mata nauyin abin da ba ita ta jawo ba. Aure yana mutuwa saboda rashin gaskiya, da rashin ciyarwa, da wulaƙanci, da tsoma bakin dangi. Wanda ya ce mata daga bango matsalar take ya ɗauke idonta daga inda ya kamata ta duba, ya kuma sauke wa namiji nasa alhakin.

Da za mu ɗauki wani abu daga Sinawan da, sai mu ɗauki kalmomin biyu da ke cikin sunan. Iska: ɗakuna nawa ake ginawa yanzu a biranenmu da taga ɗaya 'yar ƙarama, an cinye tsakar gida an yi ɗakin haya, an rufe da kwano ba silin, yara takwas suna kwana a ciki da bazara lokacin da sanƙarau ke yawo? Iyalai nawa suka kwanta ba su tashi ba saboda an shigar da janareta cikin gida don tsoron ɓarawo? Ruwa: gidaje nawa aka gina a kan hanyar ruwa, kowace damina ana kwashe kaya ana cewa ƙaddara? Rijiya nawa aka haƙa taku kaɗan daga masai? Masanin da ya zaɓa wa ƙauyen Lai Chi Wo wurin zama, da za a kawo shi unguwanninmu, waɗannan zai fara nunawa da yatsa kafin ya yi maganar madubi.

Bayan wata biyu na koma gidan ƙanwata. Madubin yana nan bayan ƙofa, gefensa ma ya ɗan tsage saboda ƙofar tana bugunsa duk lokacin da aka buɗe. Na tambaye ta ko ta yarda da maganar. Ta ce, "Yaya, ban yarda ba, amma tunda aka faɗa, in na mayar da shi wani abu ya faru fa?" Na ce mata ta zo mu duba ɗakin tare. Tagar baya a rufe take tun ranar jere saboda an jingina mata durowar kaya, bangon gabas kuma ya fara tsatsafo da danshi ta ƙasa don kwatar maƙwabta ta toshe. Muka ja durowar gefe muka buɗe tagar. Mijinta ya yi magana da maƙwabcin, ranar Asabar suka haɗa kuɗi aka kira masu yasar kwata. Madubin kuma muka ɗauke shi mu biyu muka kai bangon da ke kusa da tagar, inda hasken safe ke faɗowa.